Ƙyauren da Cindo Ya Rataya

Tsofaffin da suka riƙe labarin Birnin Tsangaru sun ce shekara ashirin da uku zauren fadar garin ya yi ba shi da ƙyaure. Ba katako aka rasa ba, ba kuma maƙeri ba. Alkawari ne, kuma ba wanda ya san nauyinsa kamar Sarkin Maƙera Cindo, domin da hannunsa mai yatsa shida ya ɓalle ƙyauren tun farko.

A zamanin Sarki Tunkau aka yi ƙyauren nan, na itacen ƙirya, aka lulluɓe shi da ƙarfe, sai ƙarti shida sun haɗu suke tura shi. Talakawa suka raɗa masa suna Hana-Kuka. Shekarar da fara ta cinye gonaki, Tunkau ya kwashe abin da ya rage a rumbunan ƙauyuka ya tara a fada. Mutane suka yi kwana bakwai a gaban ƙyauren suna roƙo, ko leƙowa ba a yi ba. A rana ta takwas wani manomi, Nomau ɗan Tanimu, ya fito daga cikin taro ya yi ta dukan ƙyauren da hannu har jini ya fito. Sai ya waiwayi abokinsa na ƙuruciya ya ce, "Cindo, karya shi." Cindo ya ɗaga masaba, wato babbar gudumar maƙera, bugu uku sakatar ta tsinke. Jama'a suka ce ƙarfin Allah ne, kuma haka ne. Amma shi Cindo ya ga bakin karayar, ya gane maƙerin Tunkau ya ha'inci ubangidansa, ya yi masa sakata da ruɓaɓɓen ƙarfe.

Tunkau ya tsere ta bayan gida, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Aka ja ƙyauren zuwa rafin kasuwa aka shimfiɗa shi ya zama gada, don kowane mai tallan daddawa ya taka shi. Jama'a suka ɗora Nomau a kan mulki, shi kuwa ya dafa Alƙur'ani a gaban Liman da jama'a ya ce, "Ranar da aka sake rataya ƙyaure a zauren nan da iznina, na sauke muku caffar da kuka yi mini, kowa ya kama gabansa." Aka sa Cindo ya zama mai tsaron wannan rantsuwa.

Kai, an yi zamani! Nomau ya ƙi a kira shi Sarki, sai dai Jagaba. A kan buzu yake zama, a ƙasa, kafaɗa da kafaɗa da kowa. Tsohuwa takan shigo tsakiyar shawara ta kai ƙarar akuyar maƙwabci, a dakata da maganar yaƙi a saurare ta. Tsattsewa suka yi sheƙa a rufin zauren, suna shiga suna fita, har suna yi wa manyan gari kashi a rawani, ana dariya. Da mutane suka ga zaman shari'a ya hana Jagaba noma, sai suka riƙa yi masa gayya don kansu, yini ɗaya a damina, da gangar noma da waƙa, shi kuma yana bin kunya-kunya da ƙwaryar fura yana shayar da su. Duk lokacin da Cindo ya tuna kwanakin nan sai ƙwalla ta cika masa ido, ya ɗora wa hayaƙin gawayi laifi.

Abin bai lalace rana ɗaya ba. Da fari asabari aka saka a ƙofar zaure, wai saboda ƙuda. Daga nan aka ɗaga wurin zaman Nomau kamu ɗaya, wai saboda ciwon baya. Jakadun sarakunan maƙwabta suka ce ba sa gaisuwa ga mutumin da ba shi da rawani, aka naɗa masa, Jagaba ya koma Sarki. Gayyar yini ɗaya ta koma ta uku, ta koma ta goma, gangar noma ta yi shiru, dogarai masu bulala suka maye gurbinta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan Cindo ya gan shi, kowanne kuma ya ce a ransa ƙaramin abu ne, ai ƙofa tana nan a buɗe.

Wata Alhamis, tsakiyar damina, fada ta cika. Sarki Nomau na bisa karaga, Galadima Barau na damansa, Madawaki Dogara shugaban mayaƙa na hagunsa, Cindo na can wurin da ya saba, kusa da ƙofa. Sai ga wani mutum ya yaye asabari ya shigo, ƙafarsa duk laka, ya ratsa tsakanin hakimai. Dogarai suka zabura, amma ba wanda ya iya riƙe shi, don haƙƙin shiga ba a soke shi ba tukuna.

Mutumin ya durƙusa, ya ajiye wata fartanya a gaban karaga. An miƙe bakinta ya zama tsinin mashi.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara. Ni ne Anaruwa, manzon ƙauyuka bakwai na Tudun Ƙirya. Ubana yana cikin waɗanda suka tsaya bayanka a gaban Hana-Kuka. An aiko ni in ce maka, bana an riƙe mu kwana goma sha biyu a gandunka, ciyawa ta cinye geronmu. Ba za mu sake zuwa gayyar bulala ba. In ka mayar da ita yini ɗaya, da ganga, za mu zo da 'ya'yanmu muna murna. In ka ƙi, ga fartanya nan. Kai ka koya mana yadda ake miƙe ta."

Zauren ya yi tsit, sai kukan 'ya'yan tsattsewa a rufi. Sarki ya dubi fartanyar, sannan ya ce a sallami manzo lafiya, amsa za ta bi shi.

Galadima Barau ya gyara zama. Shi ba ya cikin mutanen farko, ɗan wani bafaden Tunkau ne da aka yafe wa, mutum mai taushin murya da sanin inda ake sosa wa sarakuna. Ya ce, "Zaki, Allah ya ja zamaninka. Yau fartanya aka ajiye a gabanka, gobe a ƙirjinka za a ajiye ta. Wace fada ce a duk ƙasashen nan kowane mai laka a ƙafa zai faɗo cikinta ba sallama? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa ba tsaga muke da ita ba, ƙofa ce wangam. Shawarata biyu ce. A fita a ladabtar da Tudun Ƙirya, kuma kafin a fita a mayar da ƙyaure, don kada a bar iyalin Sarki da taskarsa a sarari. Ba ƙyauren zalunci ba ne wannan, na tsaro ne. In ƙura ta lafa a cire."

Madawaki Dogara ya ce, "Ranka ya daɗe, ni yaƙi ne sana'ata, in an ce in hau zan hau. Amma a tuna, barade ɗari uku gare mu, sauran rundunar dakaru ne, dakarun nan kuwa manoma ne. Ban san yadda za su ji ba."

Sai Cindo ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Ya ce, "Allah ya taimaki Sarki. An ba ni amanar wata magana shekara ashirin da uku, yau ranar faɗinta ce. Rantsuwar ba ta ce ƙyauren zalunci ko na tsaro ba, ƙyaure kawai ta ce. Mutumin nan da ya shigo ba abokin gaba ba ne. Da yana nufin sharri da bai zo da rana ya yi magana ba. Abin da ya roƙa kuwa, ai shi muka roƙi Tunkau. A mayar da gayya yadda take, a huta da zubar da jini. Alkawari kaya ne, ya shugabana."

Galadima ya yi murmushi ya ce, "Sarkin Maƙera yana zancen zamanin da akuya ke halartar majalisa. Sarki goma zamani goma."

Cindo ya ce, "Gaskiya ne, Galadima. Sai dai har yanzu Sarkin ɗaya ne."

Sarki ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Ya ce, "Mun ji kowa. Za a hau ranar Talata. A ɗauko ƙyaure daga rafi. Sarkin Maƙera ya tsaya, sauran ku tashi."

Da zauren ya watse, Nomau ya sauko daga karaga, ya zauna a ƙasa kusa da Cindo kamar dā, ya tuɓe rawani ya shafa furfurarsa. Nan take Cindo ya ga abokinsa ya dawo, zuciyarsa ta yi laushi, kuma wannan ne ya ci shi.

Nomau ya ce, "Mai yatsa shida, ka tuna ranar da muka saci gyaɗar babana ya bi mu har cikin kududdufi?"

Cindo ya ce, "Na tuna. Kai ka ci gyaɗar, ni na sha duka."

Suka yi dariya har da tari. Sannan Nomau ya buɗe tafin hannunsa. Kantar noma ta baje, sai tabon dukan Hana-Kuka ya rage. Ya ce, "Dubi hannun nan. In na sauka yau, ina zan je? Kana tsammani ban san abin da na zama ba? Na sani. Amma in na janye wa ƙauye bakwai, gobe saba'in za su zo, jibi sarakunan maƙwabta su ji ƙamshin rauni su auko mana. Abin da muka gina ne nake karewa, Cindo. Tsoro nake ji, wallahi, kuma ba wanda zan iya faɗa wa sai kai. In ka ƙi, Galadima zai kawo maƙeri daga wata ƙasa, a ce ko abokina ya guje ni. Ka rataya mini shi na wata ɗaya tak. Ranar da muka dawo, kai da kanka za ka sauke shi."

Cindo ya san amsar da ta dace. Tana bakinsa. Amma mutum ne da ya iya ce wa Sarki a'a, bai taɓa iya ce wa Nomau ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wata ɗaya."

Washegari aka ɗaure wa shanu igiya aka janye ƙyauren daga rafi. Matan kasuwa suka tsaya da tallansu a ka, suna kallo, sannan suka tattare zane suka ratsa ruwa. Itacen ƙirya ba ya jin shekaru, ƙyauren na nan garau, sai dai sawun ƙafafun talakawa ya lashe tsakiyarsa ya yi santsi. Abin da ake bukata sabbin mariƙan ƙarfe ne da sakata.

A nan ne Cindo ya yi kuskuren da maƙeri kaɗai zai yi. Da ya so, da ya bi sawun maƙerin Tunkau, ya yi aikin ganin ido. Har ya ɗauko wani tsohon ƙarfe mai tsatsa ya juya shi a hannu. Amma da zuga-zugi suka fara huci, sai hannunsa ya ƙi. Shekara hamsin bai taɓa fitar da ko allura mai aibi daga maƙerarsa ba, kuma abin nan abokinsa zai tsare. Ya jefar da mai tsatsar, ya zaɓo ƙarfen tama mafi kyau, wanda yake ajiya don takobin Sarki. Kwana uku yana ninka shi yana duka a kan uwar maƙera, har ya fitar da sakata mai kaurin damtse, wadda in an zura ta daga ciki ko giwa ba ta ture ta. Da ya gama ya shafa ta, ya ji daɗin aikinsa, sannan kunya ta rufe shi saboda daɗin da ya ji.

Ranar Litinin da hantsi aka rataya ƙyauren. Da aka gwada rufe shi, iyayen tsattsewa suna waje neman abinci. Suka dawo suka yi ta bugun ƙarfen da fikafikai suna kuka, 'ya'yansu na amsawa daga ciki. Liman ya dubi abin ya kaɗa kai, ya saɓa buzunsa ya tafi gida bai yi addu'a ba. Galadima ya sa a kawo gora a kakkaɓe sheƙunan, wai suna ɓata rufi.

Talata aka hau. An bar Galadima Barau riƙon gari. Cindo ya bi runduna a kan alfadari da masabarsa, kamar yadda al'ada ta ɗora wa Sarkin Maƙera, don gyaran makamai. Tun a hanya ya lura dakaru ba sa waƙa. Duk wanda suka haɗa ido sai ya kau da kai.

A Fadamar Ƙirya aka tarar da mutanen ƙauyuka bakwai sun yi sahu a hayin ruwa, ba doki ko ɗaya, sai kwari da baka da fartanyun da aka miƙe. Madawaki ya jera dakaru dubu biyu a tsakiya, barade a gefe biyu. Aka busa kakaki, aka buga tambari. Kafin a saki kibiya ta farko, Anaruwa ya fito gaban sahu ya ɗaga murya.

"Ku mutanen Tsangaru! Ku tambayi Sarkin Maƙera, ga shi can a kan alfadari, shi ne mai tsaron rantsuwa. An rataya ƙyaure ko ba a rataya ba?"

Fuskoki dubu biyu suka juyo. Nomau ma ya juyo, idonsa na roƙo. Cindo ya kau da ido daga abokinsa. Ya riga ya ci amanar rantsuwar da hannunsa, ba zai ƙara da bakinsa ba. Ya ce, "An rataya. Ni na rataya shi."

Daga hayin ruwa sai aka ji gangar noma, irin kiɗan gayyar dā, wanda aka shekara goma ba a ji ba. Wani tsohon dakare ya kife garkuwarsa a ƙasa ya zauna a kanta. Na kusa da shi ya yi haka. Kafin a ce kwabo tsakiyar rundunar ta zauna, wasu kuma suka ratsa ruwa suka rungumi 'yan'uwansu. Ba su yi tawaye ba a ganinsu, caffa ce aka sauke musu, kuma mai ita ne ya sauke.

Madawaki Dogara ya dubi Sarki ya ce, "Na faɗa a majalisa, ranka ya daɗe. Amma na ci arzikinka, ba zan juya maka baya ba." Ya zare takobi ya ja barade suka yi sukuwa. Fadama kuwa a tsakiyar damina ba wurin doki ba ce, kowane manomi ya san haka. Dawakai masu nauyin lifidi suka nutse har ƙirji, kibau suka sauko musu kamar ruwan ƙanƙara. Madawaki ya kai hayin da ƙafa, yana sara, a can ya faɗi. Kafin azahar an gama.

Barade goma sha biyu suka fitar da Sarki, Cindo na biye. Suka yi ta gudu har la'asar sakaliya, suka shiga birni, tituna wayam, kowa ya shige gida. Da suka iso ƙofar fada suka tarar da Hana-Kuka a rufe.

Shamaki, mai kula da dawakin Sarki, ya yi kira, "A buɗe! Sarki ya dawo!"

Sai aka ji muryar wani dogari daga kan soro: "Galadima ya ce labarin fadama ya riga ku isowa. Ya ce wanda ya sauke wa jama'a caffa da bakinsa ba Sarki ba ne. Ku nemi wani wuri." Bai rufe baki ba aka ji tambari na tashi daga cikin gida, irin bugun da ake yi wa sabon Sarki.

Nomau ya sauka daga doki. Rawaninsa ya warware tun a hanya. Ya je ya dafa ƙyauren, ya buga shi da tafin hannu, ya sake bugawa, ya yi ta bugu har tsohon tabon ya fashe, jini ya bi santsin da ƙafafun talakawa suka yi. Matansa da 'ya'yansa suna ciki. Daga can bayan ganuwa kuma gangar noma tana matsowa.

Ya waiwayo, kamar yadda ya waiwayo shekara ashirin da uku da suka wuce, ya ce, "Cindo, karya shi."

Cindo ya ɗauko masaba. Ya san banza ne, amma ya buga, don Nomau ne ya ce. Ya buga uku, ya buga bakwai, ƙarfen na amsawa da ƙara mai tsabta, irin wadda maƙeri ke jin daɗin ji. A bugu na goma ƙotar masabar ta tsage. Ya sake ta ta faɗi, hawaye na bin gemunsa, wannan karon ba hayaƙin da zai ɗora wa laifi.

Ya ce, "Ba zai karye ba, ɗan Tanimu. Na Tunkau maha'inci ne ya ƙera masa. Naka kuwa mai ƙaunarka ne ya ƙera."

Baraden suka dubi juna, suka juya dawakansu ɗaya bayan ɗaya. Nomau ya bi su da kallo. Sannan ya tattara rigarsa ya zauna a ƙasa a gindin ƙyauren, daidai wurin da masu kuka suke zama a zamanin Tunkau, ya matsa gefe ya bar wa abokinsa wuri. Cindo ya zauna, kafaɗa da kafaɗa, suka fuskanci hanyar da gangar ke tahowa.